Gidan Alade, Turke da Akurki: Yini Guda a Bompai, Sharaɗa da Chalawa

Ki faɗi gaskiya, uwargida. Sau nawa kika leƙa ɗakin samarin gidanki, kika tarar da kwanon tuwon jiya a ƙarƙashin gado, safa ɗaya a kan taga, ɗaya a bakin ƙofa, kika dafe ƙirji kika ce, "Wannan ɗaki ne ko gidan alade?" Ni dai na faɗa ya fi a ƙirga. Ranar da maganar ta tsaya mini a rai ita ce ranar da autata, wadda ba ta wuce shekara bakwai ba, ta ɗago kai daga wajen wanke-wanke ta ce, "Umma, ke kin taɓa shiga gidan alade?" Yayyenta suka kwashe da dariya, na bi su da tsintsiya. Amma da na kwanta da dare sai na ga yarinyar ta kama ni. Ban taɓa shiga ba, ban ma taɓa ganinsa ba sai a waya. Daga bakin mahaifiyata na gaji kalmar, ita ma ta gada daga tata, kuma duk cikinmu babu wadda ta san abin da take kwatance da shi.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne, Hausa ba ta rowar suna idan aka zo kan makwancin dabba. Akuya da rago suna da turke, gungumen icen nan da ake kafawa a ƙasa a ɗaura igiya, kuma daga shi muka samo "an turke shi", wato an tsare mutum da tambaya har ya rasa ta inda zai zille. Kaza tana da akurki. In kika ji mace ta ce an kama mata ɗaki kamar akurki, ba ƙazanta take nufi ba, ƙanƙanta take nufi da rashin iska. Doki yana da barga, har ma a fadar Kano akwai sarautar Shamaki da asalinta ke da alaƙa da kula da dawakin Sarki. Shanu suna da garke, kalmar da ke nufin tarin shanun, take kuma nufin inda suke kwana. 'Yan maruƙa suna da dangwali, doguwar igiyar da Fulani ke jera su a kai kafin a tatsi iyayensu. Tsuntsu ya samu keji, aron da muka yi daga Turanci. Sannan ga shinge, ga danga, ga darni na karan dawa, ga burtali da ake bar wa shanu tsakanin gonaki don kada su yi ɓarna. Wadda ma ba ta da ɗaki an san yadda za a tsare ta: a yi mata dabaibayi, ko a yi mata talala ta ci ciyawa iya tsawon igiyarta.

Alade kuwa bai samu kalma tasa ta kansa ba. Sai dai a ɗauko "gida" ko "ɗaki" a manna masa. Sunan nasa ma baƙo ne a bakinmu, daga Yarbanci ya shigo, inda suke ce masa elede. Malamai suna da alhanzir da suka ɗauko daga Larabci, tsofaffi suna da gursunu, mafarauta kuma sun san ɗan'uwansa na jeji, gadu, wanda wasu ba sa ko son kiran sunansa sai su ce mugun dawa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Addinin mafi yawanmu ya haramta cin namansa, ba mu kiwata shi ba, kuma harshe ba ya sassaƙa kalma ga abin da hannu bai taɓa ba. Abin da ya rage mana a baki sai zagin kawai.

Wani kawuna da ya yi aikin reluwe har ya yi ritaya shi ya ƙara rikita mini lissafi. Da na ba shi labarin tambayar auta, sai ya yi dariya ya ce, "Ke 'yar nan, ai Kanon nan taku ta taɓa yin suna da aladu." Kuma haka ne. A shekarun 1950 zuwa 1960 akwai ƙatuwar gonar kiwon aladu a Kano, ta wani ɗan kasuwa Kwara, wato mutumin Labanan, wadda girmanta ya riƙa ba baƙi mamaki a gari na Musulmi irin wannan. Ba don kasuwar Kurmi ake kiwonsu ba. A jirgin ƙasa ake loda su zuwa Ikko, a kan layin dogon nan da ya iso Kano a 1911, wanda ya riƙa kwasar gyaɗa da fatu da ƙiraga. Mutanen cikin ganuwa suna harkarsu, aladun suna can bayan gari a killace, kowa da iyakarsa.

Wannan maganar ta killacewa ce ta fitar da ni daga gida ranar wata Asabar. Ba kangon gonar aladu na tafi nema ba. So na yi in ga ɓangaren Kano da aka ware tun asali domin abin da ba a so a tsakiyar jama'a: hayaƙi, ƙarar inji, wari, da gurɓataccen ruwa. In kin duba da kyau, abin da ake kira rukunin masana'antu ba komai ba ne illa garke da aka yi wa injina. Na yi shatar adaidaita sahu na yini, na ɗauki wata abokiyar aikina 'yar Zonkwa da ke zaune a Sabon Gari, muka fara da Bompai.

Bompai ita ce babbar yaya a cikin ukun, tun ƙarshen zamanin Turawa aka fara kafa masana'antu a cikinta. Har yanzu ana ganin alamar tsari: tituna miƙaƙƙu, dogayen katangu, manyan ƙofofin ƙarfe da tirela za ta shige ba ta goga ba, da tsofaffin itatuwan darbejiya da suka girmi yawancinmu. Wasu kamfanonin suna aiki, kina jin gurnanin janareta tun daga titi. Wasu kuwa sun yi shiru tun bayan da tattalin arziki ya juya a tsakiyar shekarun 1980, wutar lantarki ta zama abin da ta zama, kayan waje suka cika kasuwa. An mayar da wasu sito, wasu kuma sai maigadi da tabarmarsa. A ƙofar wani irin wannan na ga abin da ya sa ni murmushi: maigadin ya kafa turaku uku a gindin katanga ya ɗaure tumakinsa, ga komi cike da dusa, ga damin harawa a kan rufin ɗakin gadi. Kamfanin da ya taɓa ɗaukar ɗaruruwan ma'aikata ya koma gidan kiwo.

A nan abokiyar tafiyata ta ba ni amsar da na kasa bai wa auta. A garinsu kusan kowace mace tana da alade ɗaya ko biyu a bayan gida, yadda ke kike da akuyarki ta adashe. Shi ne kuɗin makaranta, shi ne kuɗin asibiti, shi ne kayan Kirsimeti. In ya isa sayarwa sai a kai shi kasuwar Katsit kusa da Kafanchan, wadda ke ci ranar Alhamis, inda fatake daga kudu ke zuwa da manyan motoci. Ta ce su ma da Hausa "ɗakin alade" suke cewa. Ɗan gini ne mai gajeriyar katanga, rabi a rufe rabi a buɗe, da komin abinci da na ruwa. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, in aka ba shi fili, alade da kansa yake zaɓar lungu ɗaya ya mayar makewayi, nesa da inda yake kwana da inda yake ci. Birgimar da yake yi a taɓo kuwa, ba ya iya zubar da gumi ne yadda mutum ko doki ke yi, don haka da laka yake sanyaya jikinsa. "In kika ga ɗakin alade yana wari har maƙwabta," in ji ta, "to ba aladen za ki tambaya ba, mai shi za ki tambaya. Ko ya cusa su da yawa a ƙaramin wuri, ko bai share ba, ko bai yi wa ruwan wankin hanya ba."

Ban ce miki ki so alade ba, ni ma ban so shi ba, kuma hukuncin addini yana nan inda yake. Amma maganar tata ta bi ni har yamma, don duk inda muka tsaya a ranar, tambayar da ta yi ta dawowa ke nan: wa ya yi wa ruwan wankin hanya, kuma ina hanyar ta nufa?

A Bompai amsar ita ce rafin Getsi. Shi ke kwashe abin da kwatocin unguwar suka tara, na gidaje da na masana'antu, ya kai wa Jakara. Ita kuma Jakara ta riga ta ɗebo nata kason daga cikin birni da Fagge da mayankar Abbatuwa, sai su haɗu su nufi madatsar Wasai a Minjibir. In kin bi gefen waɗannan rafuka da rani za ki ga kore shar kamar damina: latas, kabeji, alayyafo, karas, albasa, tumatir, an jera fangali-fangali, injin ban ruwa yana ta tatata, bakin tiyonsa a cikin ruwan da ke baƙi ƙirin. Manoman ba mugaye ba ne. Iyayen wasu ne masu neman halak, wasunsu gadon lambun suka yi tun ruwan yana da tsabta, kuma ruwan da suke da shi ke nan. Na tsaya na gaisa da wani dattijo yana cire ciyawa a fangalin latas. Na ce, "Baba, wannan ruwan ba ya ƙona shuka?" Ya ce, "Hajiya, wata rana yakan zo da kala, to ranar sai mu kashe inji mu jira ya wuce." Da ido yake gwada ruwan. Abin da ba shi da kala kuwa, babu yadda za a yi ya gan shi.

Masu bincike a Jami'ar Bayero da wasu jami'o'in sun sha auna ruwan nan da ƙasar da ganyen da ke fitowa a kanta, kuma sun sha samun sinadarai masu nauyi irin su kuromiyam da dalma. Ga abin da ya kamata ki riƙe a nan. Wanke ganye da gishiri ko ruwan khal yana rage ƙwayoyin cuta da ƙwan tsutsar ciki, kuma wallahi kada ki daina. Amma abin da shuka ta sha ta saiwa ya shiga jikinta, wanki ba ya fitar da shi. Maganinsa sai tambaya. Mai kayan gwarin da kika saba da shi a 'Yankaba ko a bakin layinku ya san daga inda kayansa suka fito, ko na Kadawa da Kura ne da ake bai wa ruwan Tiga, ko na bakin Jakara. Ki tambaye shi. Ba rashin kunya ba ne, yadda ba rashin kunya ba ne ki tambayi mahauci naman yau ne ko na jiya.

Daga Bompai muka ratso gari muka biyo ta titin Gidan Zu. Kin ga wani "gida" kuma da muka manna wa dabbobin da ba mu saba kiwo ba, tun zamanin Gwamna Audu Baƙo. Ba mu tsaya ba, muka wuce Sharaɗa.

Sharaɗa hancinki ne zai fara gaya miki kin iso. Wani wari ne mai kama da na ruɓaɓɓen ƙwai, yana zuwa yana tafiya da iska, kuma mai adaidaitanmu ko a jikinsa, ya ce shi ya daina ji. Kashi uku aka yi wa rukunin, kuma ana yin abubuwa da yawa a ciki, daga robobi zuwa kayan abinci, amma warin na kamfanonin jima ne. A nan ne labarin ya dawo har tsakar gidanki. Ragon da kika ɗaure a turke wata uku kina ba shi dusa da kowa, yara suna yi masa wanka da omo, ranar Sallah da aka feɗe shi ina fatar ta tafi? Almajiri ko ɗan unguwa ya karɓa, ya kai wa 'yan fata, suka barbaɗe ta da gishiri, aka tara ta da dubban 'yan'uwanta daga karar Wudil da ta Dambatta da ta Maigatari, aka loda a mota. Ƙarshen tafiyarta shi ne bayan ɗaya daga cikin katangun nan. Daga nan kuma sai Italiya ko Sifen ko Sin, ta zama takalmi ko jaka da ƙila kuɗinta ya fi na ragon gaba ɗaya.

Jima ba baƙuwar Kano ba ce. Tun kafin Bature ya san hanyar nan, fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi take keta Sahara a bayan raƙuma, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko saboda ta can take isa gare su. Har gobe in kin je Majema a wajen Ƙofar Wambai za ki tarar da majema suna aiki irin na kakanni: toka don zare gashi, kashin tattabara don laushi, bagaruwa don jima. Wari kam akwai shi, babu mai musu. Amma duk abin da suke zubarwa daga ƙasa ya fito, kuma ƙasa ta san yadda za ta cinye shi. Jimar kamfani daban take. Ana zare gashi da farar ƙasa da wani sinadari, shi ne mai warin ƙwan nan, sannan a jeme da gishirin kuromiyam a cikin manyan ganguna masu juyawa. Aikin da bagaruwa ke ɗaukar kwanaki, kuromiyam yana gama shi cikin kwana guda, fatar ta fito shuɗiya-shuɗiya da danshinta. Sai dai ba duk sinadarin fatar ke shanyewa ba. Saura yana fita da ruwan, kuma ruwan da ake jima da shi ba kaɗan ba ne.

Na tsaya a kan wata ƙaramar gada ina kallon kwata. Ruwan toka-toka ne mai kumfa, can gefe kuma wani siririn zare mai shuɗi yana shigowa daga wani bututu. Ƙasa kaɗan, awaki uku da ba su da turke sun sunkuya suna sha. Gaba da su yara ne ba takalmi suna tsallake kwatar suna komowa, wanda ya faɗa a yi masa dariya. Wannan ruwan rafin Salanta zai bi, shi kuma ya kai shi kogin Chalawa.

Lokacin da aka yanka Sharaɗa, bayan gari ce. Yau gari ya cim mata ya wuce. Gidaje sun manne da katangun kamfanoni ta ɓangaren Ja'en da Sabuwar Gandu da sauran unguwannin da suka tsiro, akwai Islamiyya, akwai mai ƙosai, akwai rijiyoyi a cikin gidaje. Ba zan ɗora wa wanda ya sayi fili a nan laifi ba, don wanda haya ta kora ba ya zaɓen iska. Amma garken da aka yi don a raba inji da mutane ya tashi daga aiki, tunda yanzu mutanen suna cikin garken. Dokar ƙasa ta wajabta wa kowane kamfani ya tace ruwansa kafin ya sake shi, akwai kuma hukumar NESREA da aka kafa a 2007 don ta sa ido. Wasu kamfanonin suna da wurin tacewa. An kuma daɗe ana maganar babbar matatar haɗin gwiwa da za ta karɓi ruwan rukunan nan. Abin da idona ya gani a kan gadar nan dai shi na gaya miki.

Ba mu kaɗai ke da wannan ciwon ba. A Dhaka ta ƙasar Bangaladash, unguwar majema ta Hazaribagh ta kashe kogin Buriganga har sai da kotu ta sa aka yanke musu wuta da ruwa a 2017, aka tilasta musu komawa Savar a bayan gari. Da suka koma, matatar da aka gina musu ba ta yi aiki yadda ya kamata ba, sai kogin can ma ya fara ɗaukar abin da na farko ya ɗauka. An matsar da garken ne kawai, ba a gyara magudanar ba.

Azahar ta yi mana a hanyar Panshekara. Muka yi salla, abokiyata ta jira mu a inuwa, muka ci gurasa da ƙuli a bakin titi, sannan muka gangara Chalawa a ƙaramar hukumar Kumbotso. Nan fili ya fi yawa, kamfanonin sun fi girma, tireloli sun yi layi, kuma tsakanin katanga da katanga har yanzu akwai gonaki. Kogin yana nan shimfiɗe da yashinsa, masu tifa suna ɗiba, mata suna wanki, wani Bafulatani ya kawo garkensa shan ruwa. A bakin wannan kogin aka gina gidan ruwan farko na Kano a farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, lokacin da famfo ya fara zuba a cikin birni. Can sama a Ƙaraye an datse shi da madatsar da aka gama a 1992. Can ƙasa wajen Tamburawa yake haɗuwa da kogin Kano, su zama kogin Haɗeja, su nufi Wudil da Jigawa. Ruwan famfo ana tace shi kafin ya iso gare ki. Amma mai wankin nan, da shanun nan, da masuncin da zai kawo tarwaɗa kasuwa gobe, da ƙauyukan da ke ƙasa, su kai tsaye suke hulɗa da kogin.

Abu biyu na gani a Chalawa da nake so ki sani, don su ne suka fi kusa da kicin ɗinki.

Na farko tarkacen fata ne. In an jeme fata ana aske ta a daidaita kaurinta, a yanke gefe-gefe, sai tarin ɓarɓashi mai shuɗi ya taru kamar tudu. Na ga an zubar da shi a wani fili, gefe ɗaya yana cin wuta a hankali, hayaƙin yana bin iska zuwa gidaje. Kuromiyam ɗin da ake jima da shi ba shi ne mafi muni ba. Amma in aka ƙona shi yana iya rikiɗa ya koma wani nau'in da likitoci suka tabbatar yana jawo ciwon daji. Don haka in wani ya kawo miki irin wannan ɓarɓashin a matsayin makamashi mai araha, ko kika ga yara sun kwaso suna hura wuta da shi, ki hana. Haka nan ganda. A 2019 hukumar NAFDAC ta gargaɗi jama'a cewa ana karkatar da ƙiragan da aka sa wa sinadari don aikin masana'anta ana sayar da su a matsayin ganda. Ni ma ina son ganda a miyar kuka, amma yanzu wajen mahaucin da na san inda yake yanka nake saye, kuma in ta yi kauri fiye da kima, ko tana wani wari da ba na babbaka ba, ko arahar ta yi yawa, sai in bar masa kayansa.

Na biyu shi ne wanda ya sa gabana ya faɗi, don ni kaina na aikata. A bakin hanya an jera shuɗayen durom na roba da manyan jarkoki ana sayarwa, irin waɗanda kowace mace a Kano take so saboda ranar da famfo ya ɗauke. Da yawansu da sinadari aka shigo da su ƙasar nan. Wasu har yanzu da takardarsu a manne, da hoton ƙoƙon kai da ƙasusuwa, ko hoton hannu da ruwa ke ci. Mai sayarwa ya ce mini, "Hajiya, an wanke tas, har da omo da ruwan zafi." Roba kuwa tana shan abin da ya daɗe a cikinta, kuma babu omon da ke bin sa ya fito da shi duka. Akwai waɗanda kayan abinci aka zubo a cikinsu, su ba laifi. In ba a nuna miki shaidar abin da ya zauna a ciki ba, kada ki zuba ruwan sha ko na girki, kada kuma ki jiƙa gero a ciki. Ni nawa shekara biyu ke nan yana bayan kicin, na saye shi a hannun wani mai kura, ban taɓa tambayar daga ina ya fito ba.

A hanyar dawowa na tuna da kakata a cikin birni. Tana da awaki biyar a turke a ƙuryar gida, kuma kullum da sassafe sai ta share ƙarƙashinsu ta tara a gefe. In rani ya yi, masu jakuna daga ƙauyukan kewaye sukan shigo da itace, su fita da mangala cike da takin nan zuwa gonaki. Haka Kano ta yi ɗaruruwan shekaru tana ciyar da ƙasar da ke ciyar da ita, shi ya sa gonakin kewayen birni ba sa hutawa kuma ba sa mutuwa. In kuwa akuyarta ta tsinke ta shiga gidan maƙwabta ta ci shanyar wani, ba a kama akuya da faɗa, wajen kakata ake zuwa, ita kuma ta biya ba gardama. Yanzu da yawanmu muna kiwo a gidan siminti, kajin gidan gona ɗari a keji a bayan ɗaki, raguna biyu a gareji, kuma in an wanke wurin, ta ƙarƙashin ƙofa ruwan yake fita ya kwanta a layi inda 'ya'yan maƙwabta ke wasa. Na faɗi haka ne don nawa gidan ma haka yake.

Na sauke abokiyata a Sabon Gari, na iso gida gab da magariba, mayafina yana warin Sharaɗa. Auta ce ta fara tarata a zaure. "Umma, kin ga gidan aladen?" Na ce ban gani ba, amma Anti ta ce in an yi hutu za ta nuna mana hoton na mamarta. Na kira yayyenta biyu, muka kwashe ruwan durom ɗin nan muka zuba wa bishiyar zogale, muka mirgina shi zuwa hasken fitila. A gindinsa, inda ban taɓa dubawa ba, akwai ragowar takarda da rubutun wani yare da ba mu iya karantawa ba, da rabin wani jan zane mai kusurwa huɗu. Babban ya ɗauko wuƙa ya huda gindin a wuri uku, muka mayar da shi bakin ƙofa ya zama na zuba shara.